Wa ke da tsibirin da ke tsakiyar teku, kuma wa ya ba shi?

Tambaya: Malam, ina duba taswirar duniya sai na ga wasu tsibirai a gefen Afirka da Kudancin Amurka an rubuta Faransa ko Birtaniya a ƙarƙashin sunansu. Ta yaya ƙasa ke mallakar tsibirin da ke nesa da ita da dubban kilomitoci, alhali ga wata ƙasar dab da shi? Kuma da gaske ne mai kuɗi zai iya sayen tsibiri ya zama ƙasarsa?

Amsa: Abu na farko da za ka cire daga ranka, ɗan'uwa, shi ne cewa kusanci yana ba da mallaka. Ba ya bayarwa, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Tsibirin Bioko, wanda iyayenmu suka sani da Fanando Po, inda 'yan Najeriya da yawa suka yi ƙwadago a gonakin koko, tazararsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ce kacal. Tsakaninsa da babban yankin Ikwatoriyal Gini kuwa ya haura kilomita 150. Duk da haka na Ikwatoriyal Gini ne, domin a 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya a rubuce, Sifaniya ta haɗa shi da yankin da take mulka a tudu, suka samu 'yanci tare a 1968. Takarda ce ta yanke hukunci, ba ma'aunin nisa ba.

Kafin mu shiga yadda ake mallaka, ya kamata ka san abin da ake wa faɗa, don sau da yawa ba ƙasar tsibirin ba ce. Ruwan da ke kewaye da shi ne. Yarjejeniyar dokokin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓarta a matsayin cikakken yankinta, sannan mil 200 inda kifi da man fetur da iskar gas da ma'adinan ƙarƙashin ruwa duk nata ne. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, wato mil 200 ya kai kimanin kilomita 370. Tsibiri ma yana da wannan haƙƙin kamar babbar ƙasa. Ka ɗauki ɗan tsibirin da za ka zagaye da ƙafa kafin azahar, in babu maƙwabci kusa da shi, zai jawo wa mai shi teku mai faɗin murabba'in kilomita 430,000, kusan rabin Najeriya ke nan. Da haka ne Faransa, wadda a Turai ba ta kai Najeriya girma ba, take riƙe da teku fiye da murabba'in kilomita miliyan 10, ba wanda ya fi ta sai Amurka.

Sai dai dokar ta gindaya sharaɗi a sashe na 121. Tsibiri dole ya zama ƙasa ce halittar Allah, ruwa ya kewaye ta, kuma kanta ya tsaya a waje ko da teku ya yi cika. Dutsen da mutum ba zai iya zama a kansa ya ciyar da kansa ba yana da mil 12 kawai, ba shi da mil 200. Wanda aka gina da yashi da siminti kuwa ba tsibiri ba ne ko kaɗan. Birtaniya ta san da haka lokacin da ta shiga yarjejeniyar a 1997, ta janye da'awar mil 200 da take yi daga Rockall, wani dunƙulen dutse a tekun Atilantika da babu mazauni sai tsuntsaye. A tekun kudancin Sin kuma, kotun sasanci ta yanke a Yulin 2016, a ƙarar da Filifin ta shigar, cewa babu ko ɗaya a tsibiran Spratly da ya cancanci mil 200. Sin ta ƙi hukuncin, ta ci gaba da riƙe filayen jirgin sama da ta shimfiɗa a kan yashin da ta zuba bisa duwatsun.

Yadda Turawa suka samu waɗannan wurare ba ɓoyayye ba ne. Jiragen ruwan da ke zuwa Indiya da Amurka suna buƙatar wurin shan ruwa da gyara, daga baya da wurin ɗibar gawayi, don haka duk tsibirin da ke kan hanya ya zama zango. Wasu aka mayar da su gonakin rake da kwakwa, aka cika su da bayi daga Afirka. Wasu kuwa kashin tsuntsu ne ya jawo musu ido: a 1856 majalisar Amurka ta yi doka cewa duk Ba'amurken da ya tarar da tsibirin da babu mai shi, kuma akwai tarin kashin tsuntsayen teku da ake takin zamani da shi, yana iya kama shi da sunan Amurka, kuma wasu daga cikin waɗannan suna hannunta har yau. Sauran sun canza hannu ne a teburin sulhu bayan yaƙi. Da zamanin 'yanci ya zo, manyan yankuna suka tafi, ƙananan da ke da 'yan mutane ko sansanin soja aka riƙe.

Idan ƙasashe biyu suka kai ƙara fa, me alƙali ke dubawa? Shari'ar da kowane ɗalibin wannan fanni ke fara karantawa ita ce ta tsibirin Palmas a 1928, tsakanin Amurka da Holan. Amurka ta ce Sifaniyawa ne suka fara ganin tsibirin, ita kuma ta gaje shi daga Sifaniya tare da Filifin a 1898, kuma ya fi kusa da Filifin. Alƙalin, Max Huber ɗan ƙasar Suwizalan, ya ce ganin wuri da farko somin-taɓi ne kawai, sai an bi shi da mulki. Ya ce kusanci ba shi da tushe a doka. Abin da ya karɓa shi ne shaidar Holan cewa ta daɗe tana gudanar da iko a wurin, a fili, ba tare da wani ya yi gardama ba, ta hanyar yarjejeniyoyi da sarakunan yankin da karɓar haraji. Holan ta ci, shi ya sa yau tsibirin, mai suna Miangas, yake cikin Indunusiya.

Abin da ake kira gudanar da iko ba wani gagarumin abu ba ne, kuma nan ne nake jin daɗin karantar da wannan darasi. A shari'ar da aka yanke a 1953, Birtaniya da Faransa sun je Kotun Duniya a kan wasu 'yan duwatsu, Minquiers da Ecrehos, da ke kusa da gaɓar Faransa. Kowacce ta zo da takardun sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Kotu ta ajiye su gefe, ta tambaya: idan teku ya turo gawa kan waɗannan duwatsu, wa ke zuwa binciken dalilin mutuwa? Wa ke karɓar haraji a kan bukkokin masunta? Idan masunci ya sayar da bukkarsa, a ofishin wa ake rubuta cinikin? Amsar duka hukumomin tsibirin Jersey ne, da ke ƙarƙashin sarautar Ingila, sai Birtaniya ta ci. A 2002 Malesiya ta kayar da Indunusiya a kan Sipadan da Ligitan, kuma cikin hujjojinta har da dokar 1917 da ta tsara wanda zai ɗebi ƙwan kunkurun teku. A 2008 kuma Malesiyar ce ta rasa Pedra Branca ga Singafo, duk da kotu ta yarda asalinsa na Sarkin Johor ne, wadda yanzu jiha ce a Malesiya. Wasiƙa guda ta 1953, inda wani babban jami'in Johor ya rubuta cewa gwamnatinsa ba ta da'awar mallakar dutsen, da shirun shekaru yayin da Singafo ke tafiyar da hasumiyar fitilar da ke kansa tana ba da izini ga masu zuwa, su suka kashe ƙarar.

Amma kada ka ɗauka duk wanda ke mulkin wuri shi ke da shi. Idan akwai ingantacciyar yarjejeniya da ta shata iyaka, ita ce gaba. Kamar rikicin gona ne a gaban alƙali: daɗewa kana noma hujja ce idan babu mai takarda, amma idan wani ya fito da takardar da ta inganta, noman shekara ashirin ba ya share ta. Shari'o'i biyu da suka shafe mu kai tsaye sun nuna fuskokin nan biyu.

Ta farko ita ce ta Kamaru da Najeriya, wadda Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002. Kowa yana tuna Bakassi, amma akwai ɓangaren Tafkin Chadi. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya sosai bayan farin shekarun 1970 da 1980, tsibirai da busassun filaye suka fito, masunta da manoma daga Najeriya, cikinsu har da Hausawa da Barebari, suka bi ruwa suka kafa garuruwa irin su Darak. Najeriya ta kai musu 'yan sanda da makarantu da masu karɓar haraji. A kotu ta gabatar da duk wannan. Kotu ta ce an riga an shata iyakar tun zamanin Turawa, a sanarwar Milner da Simon ta 1919 da musayar wasiƙun Birtaniya da Faransa na 1931, don haka mulkin da ya saɓa wa takarda ba ya haifar da mallaka. A Disamban 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 a yankin tafkin. Bakassi ma haka: yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris, 1913 ta sa shi ɓangaren Jamus, wato Kamaru. Najeriya ta ce Birtaniya ba ta da ikon bayar da ƙasar sarakunan Tsohuwar Kalaba, domin yarjejeniyar 1884 ta kariya ce ba ta sallamawa ba. A ganina wannan hujja tana da nauyi a ma'aunin adalci, amma kotu ba ta karɓa ba. Aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008.

Ta biyu ita ce ta tsibirin Lete a Kogin Kwara, kusa da Gaya, tsakanin Nijar da Jamhuriyar Binin. Rikici ne tun farkon 'yanci, wanda a 1963 ya kai ga rufe iyaka da sallamar ma'aikata 'yan Dahomey, wato Binin ta yau, daga Nijar. Nan kotu ta bincika ba ta samu wata dokar Faransa da ta fayyace inda iyaka ta bi a cikin kogin ba. Sai ta koma ga aiki. Ta samu wasiƙar kwamandan Gaya ta 1914, wadda ta nuna jami'an ɓangarorin biyu sun fahimci juna a kan cewa babbar hanyar jiragen ruwa a kogin ita ce iyaka, kuma daga Gaya ake kula da Lete da makiyayan da ke kansa. A Yulin 2005 aka ba Nijar Lete. Cikin tsibirai 25 da aka duba, 16 suka faɗo wa Nijar, 9 ga Binin.

Za ka lura a duk wannan ba a tambayi masuncin Darak ko na Bakassi ra'ayinsa ba. Shugabannin Afirka da kansu suka amince a Alƙahira a 1964 cewa za a riƙe iyakokin da aka gada ranar 'yanci, don gudun kada nahiyar ta kama da wuta. Ina ganin sun yi daidai. Amma wanda ya biya farashin shi ne talakan da ya kwana a ƙasa ɗaya ya wayi gari baƙo.

Babu inda wannan ya yi muni kamar Chagos, kuma ina so ka san labarin sosai. Tarin tsibirai ne a tsakiyar tekun Indiya. Faransawa suka kai bayi daga Mozambik da Madagaska a ƙarshen ƙarni na 18 don aikin kwakwa, Birtaniya ta karɓe su tare da tsibirin Moris (Mauritius) a 1814. Zuriyar waɗannan bayi suka zama al'umma, da harshensu, da majami'unsu, da maƙabartunsu. A 1965, shekara uku kafin Moris ta samu 'yanci, Birtaniya ta yanke Chagos daga jikinta, ta biya fam miliyan 3, domin Amurka tana son Diego Garcia, mafi girma a tsibiran, ta gina sansanin soja, kuma tana son shi babu kowa. An yi yarjejeniyar a 1966, Amurka ta yi wa Birtaniya ragin dala miliyan 14 a kuɗin makamai masu linzami na Polaris. Ga duniya kuwa aka ce mutanen 'yan ƙwadago ne masu zuwa su koma, ba mazauna ba.

Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe su, mutum 1,500 zuwa 2,000. Wanda ya je Moris asibiti ko sayayya, da ya zo neman tikitin komawa sai a ce masa babu jirgi, an rufe tsibirin. Aka rage jiragen kawo abinci da magani. A Diego Garcia aka tara karnukan mutane a rumbun busar da kwakwa aka kashe su da hayaƙin mota, masu su suna kallo. Sauran mutanen aka loda su a jirgin dakon kaya, aka sauke su a tashar Port Louis, babban birnin Moris, da ta tsibiran Seshel, babu gida, babu sana'a. Sun yi ta shari'a a kotunan Ingila ƙarƙashin jagorancin Olivier Bancoult, suka ci a 2000, gwamnati ta soke nasarar da umarnin fada a 2004, kotun ƙoli ta lokacin ta mara wa gwamnati baya a 2008. Sai a Fabrairun 2019 Kotun Duniya ta ba da fatawa, alƙalai 13 da 1, cewa yanke Chagos ya saɓa wa doka kuma Birtaniya ta fita. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi baya da ƙuri'a 116 da 6. A Mayun 2025 Birtaniya da Moris suka sa hannu a yarjejeniyar mayar da mallaka ga Moris, amma Birtaniya za ta riƙe Diego Garcia haya na shekara 99, a kan kimanin fam miliyan 101 a shekara. Da yawa daga 'yan Chagos sun koka cewa a wannan cinikin ma ba a zauna da su ba, kuma Diego Garcia, inda aka binne kakannin da yawa daga cikinsu, shi ne wurin da ba za su koma ba.

Ka ajiye wannan kusa da Falkland, wanda Ajantina ke kira Malvinas. Kimanin kilomita 500 ne daga Ajantina, kusan 13,000 daga Birtaniya, wadda ke riƙe da shi tun 1833. A 1982 suka yi yaƙin kwana 74, sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu. Hujjar Birtaniya ita ce ra'ayin mazauna, kuma a ƙuri'ar 2013 mutum uku kaɗai suka ƙi zama da ita. Ban raina wannan hujja ba, mutane ne da suka yi zuriya bayan zuriya a wurin. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne, yawan mutanen Falkland a 1982 kusan ɗaya ne da na Chagos. Na Falkland aka aika musu rundunar jiragen yaƙi, na Chagos aka aika musu jirgin kwasa.

Mayotte, ɗaya daga tsibiran Komoros da ke tsakanin Mozambik da Madagaska, ta fi wuyar yanke hukunci. Faransa ta same ta a 1841 daga hannun wani sarki mai suna Andriantsoly. A ƙuri'ar Disamban 1974 tsibiran Komoros huɗu suka zaɓi 'yanci da gagarumin rinjaye, amma a Mayotte kaɗai yawanci suka ce a'a. Faransa ta ƙidaya tsibiri-tsibiri maimakon a dunƙule, ta riƙe Mayotte, har ta hau kujerar na-ƙi a kwamitin tsaro a 1976. Komoros da Tarayyar Afirka suna cewa ta Komoros ce, kuma bisa ƙa'idar rashin yanka yanki kafin 'yanci suna da gaskiya. Amma mutanen Mayotte, Musulmi ne akasarinsu, sun sake zaɓar Faransa a 1976 da 2009, ta zama cikakkiyar jiha ta Faransa a 2011. Yau kilomita 70 da ke tsakaninta da tsibirin Anjouan na Komoros ya zama maƙabarta, 'yan'uwan juna suna nutsewa a ƙananan kwale-kwale suna neman shiga.

Sai batun saye. Ƙasa tana iya sayen tsibiri daga ƙasa, an yi: Amurka ta biya Danmak dala miliyan 25 na zinariya a 1917 ta karɓi tsibiran Virgin. A 1946 ta taya Girinlan, tsibiri mafi girma a duniya, dala miliyan 100, Danmak ta ƙi. A yau irin wannan ciniki ba ya yiwuwa ba da yardar mazauna ba, kuma dokar cin gashin kai ta 2009 ta amince cewa mutanen Girinlan, su kimanin 57,000, su ke da ikon yanke makomarsu.

Mutum ɗaya kuwa abin da yake saya fili ne, ba sarauta ba. Larry Ellison, mai kamfanin Oracle, ya sayi kashi 98 cikin 100 na tsibirin Lanai a Hawai a 2012, amma dokar Amurka ce ke aiki a can, haraji yake biya, kuma 'yan sandan gwamnati ne ke kama mai laifi. Ba zai buga fasfo ko kuɗi ba.

Akwai waɗanda suka gwada kauce wa wannan ta hanyar neman wurin da babu mai shi. A farkon shekarun 1970 wani attajiri daga jihar Nevada ta Amurka, Michael Oliver, ya sa aka yi dakon yashi aka zuba a kan duwatsun Minerva da ke kudu da Fiji da Tonga, waɗanda ruwa ke rufewa in teku ya cika. A Janairun 1972 aka kafa tuta, aka shelanta jamhuriya, daga baya har da buga tsabar kuɗi. Babu ƙasar da ta amince da ita. A watan Yunin shekarar Sarkin Tonga, Taufa'ahau Tupou na huɗu, ya ayyana wurin a matsayin nasa, mutanensa suka je suka sauke tutar, ƙasashen yankin suka mara masa baya. Gardamar da ta rage a kan Minerva yanzu tsakanin Tonga ce da Fiji, kuma a kan ruwan kamun kifin da ke kewaye da shi ne.